Frank Underwood ba gwani ba ne, Doug Stamper kuma ba mai amana ba ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu sha'awar siyasa, ko a fada wajen shan shayi ko a zaurukan WhatsApp. Wai duk mai son ya san yadda ake neman mulki, to ya zauna ya kalli House of Cards. A wurinsu Frank Underwood shi ne gwanin gwanaye, matarsa Claire ita ce irin macen da kowane ɗan siyasa yake bukata a gefensa, Doug Stamper kuwa shi ne ma'aunin amana, yaron da kowane ubangida yake roƙon Allah ya ba shi. Har akwai masu yanko maganganun Frank suna liƙawa a shafukansu kamar wasu kalaman magabata. Ni a ganina wannan karatu ne a baibai, kuma ba zan ce a bar su da abinsu ba, domin masu wannan karatun su ne gobe za su riƙe wa ɗan takara jaka, su rubuta masa jawabi, su shigo mana gidan rediyo su kare shi. Abin da suka ɗauka daga fim ɗin, da shi za su yi aiki.

Ga wanda bai san shirin ba, tushensa littafi ne da Michael Dobbs ya wallafa a 1989. Dobbs ɗan gida ne a harkar, domin ya yi shugaban ma'aikatan jam'iyyar Conservative ta Birtaniya a zamanin Margaret Thatcher. BBC ta mayar da littafin wasan talabijin a 1990, aka fara nuna shi cikin watan Nuwamba, daidai lokacin da 'yan jam'iyyar Thatcher suka juya mata baya har ta sauka. A can sunan jarumin Francis Urquhart. Daga baya kamfanin Netflix ya ɗauko labarin ya kai shi Amurka, ya saki zango na farko ranar 1 ga Fabrairu 2013, aka ci gaba har zango na shida a Nuwamba 2018. Kashi 73 ke nan gaba ɗaya. Kevin Spacey ya fito a Frank, Robin Wright a Claire, Michael Kelly a Doug.

Frank ɗan majalisar wakilai ne daga jihar South Carolina, kuma bulaliyar masu rinjaye. Ya taimaki Garrett Walker ya ci zaɓen shugaban ƙasa, bisa alkawarin za a ba shi sakataren harkokin waje. Aka ci zaɓe, aka saɓa alkawari. Daga nan ya ɗaura ɗamarar ramuwa, cikin zango biyu ya zama mataimakin shugaban ƙasa, sannan ya zama shugaban ƙasa, ba tare da an jefa masa ƙuri'a ko ɗaya a kan waɗannan kujeru biyu ba. Wannan hawan shi yake burge jama'a. To bari mu bi matakalar mu ga da me aka gina ta.

Ina wayon yake?

Matakin farko shi ne Peter Russo, ɗan majalisa daga birnin Philadelphia na jihar Pennsylvania, mutum mai kirki a zuciya amma giya da ƙwaya sun ci ƙarfinsa. 'Yan sanda suka kama shi yana tuƙi a buge, da wata yarinya mai zaman kanta a cikin motar. Frank ya sa aka kashe maganar don ya samu igiyar da zai ɗaure shi da ita. Da wannan igiyar ya ja shi ya yi gum aka rufe ma'aikatar jiragen ruwa ta mazaɓarsa, mutum 12,000 suka rasa hanyar abinci, cikinsu har da waɗanda suka tashi tare da shi a unguwa ɗaya. Bayan haka Frank ya wanke shi, ya sa ya bar giya, ya tsayar da shi takarar gwamna. Russo ya ɗauka ya samu uba, ashe kiwo ake yi. Da lokacin yanka ya yi, Doug ya tura masa yarinyar nan, Rachel Posner, ta shayar da shi a daren da washegari zai yi hira kai tsaye a rediyo. Duk wanda ya taɓa zama gaban makirufo ya san ɓarnar da minti biyu na irin wannan hira za su iya yi. Kafin a rufe layi takarar ta mutu. Manufar kuwa ita ce mataimakin shugaban ƙasa, wanda tsohon gwamnan jihar ne, ya koma gida ya tsaya a madadinsa, kujerarsa ta zama babu kowa. Da Russo ya fara cewa zai fito ya faɗi komai, Frank ya ɗauke shi a mota, ya ƙara masa giya har barci ya kwashe shi, ya bar inji yana aiki a cikin gareji, ya rufe ƙofa ya tafi. Aka ce shi ya kashe kansa.

Kashi uku bayan wannan, ya tunkuɗa 'yar jarida Zoe Barnes gaban jirgin ƙasa. Wato a cikin kashi 14 na farko, sau biyu dabara ta ƙare wa mutumin da ake kira sarkin dabara, har sai da ya sa hannunsa ya yi kisa. Mai dara da in ya ga an kusa cinye shi sai ya miƙe ya shure ramukan da ƙafa, a wane gari ake kiransa gwani?

Sauran nasarorin nasa kuma marubuta ne suka share masa hanya, suka haɗa shi da abokan karawa marasa ƙashin baya. Shugaba Walker mutum ne da kowa yake juyawa kamar waina a tanda. Bayan ya gano Frank sarai, ya san shi yake haƙa masa rami, wasiƙa guda da Frank ya buga masa da tsohuwar tafireta ta isa ta sa ya sake yarda da shi, har ya sauka ya bar masa kujerar. A Disamba 2013 Barack Obama, yana shugaban ƙasa, ya yi wa shugaban Netflix barkwanci cewa da ma a ce al'amura a Washington suna tafiya da irin wannan saurin. Mai zaune a kan kujerar da kansa ya san tatsuniya ake yi masa.

Sai babbar tambaya, wadda masu yabo ba sa son a yi. Da ya samu mulkin, me ya yi da shi? Shirinsa ɗaya tilo na samar da aikin yi, da ya kira America Works, kuɗin agajin gaggawa ya ɗiba ya zuba a ciki, da guguwa ta tunkaro dole ya janye. Da wata jarida ta bankaɗo asirinsa, shi da Claire suka hura wutar tsoron ta'addanci don a manta da labarin, suka bari aka yanka wani magidanci da aka yi garkuwa da shi. Ranar zaɓe suka yi amfani da barazanar ƙarya aka rufe rumfuna a jihohin Tennessee da Ohio. A ƙarshe ya yi murabus ana shirin tsige shi. Babu doka guda da talakan Amurka zai tuna shi da ita a matsayin shugaba.

Kada a ce ina ƙin buri. Buri shi yake tada mutum da asuba. Lyndon Johnson, wanda ake yawan kwatanta Frank da shi, ba waliyyi ba ne. Ya ci zaɓen fid da gwani na sanata a Texas a 1948 da ratar ƙuri'a 87, ƙuri'un da har yau ake tababa a kansu, ya kuma shahara da murɗe hannun 'yan majalisa, ga kuma yaƙin Vietnam a wuyansa. Amma da ya hau mulki ya sa hannu a dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, da dokar 'yancin zaɓe ta 1965 wadda ta buɗe wa baƙar fata na kudancin Amurka rumfunan zaɓe, da tsarin inshorar lafiya na tsofaffi a wannan shekarar. Ana iya zama a auna Johnson, a sa alherinsa a gefe, sharrinsa a gefe. Frank kuwa in ka ɗora shi a ma'auni, gefe ɗaya babu komai. Yana son kujera ne don kujera, kamar mai tara hatsi a rumbu alhali ba shi da niyyar ci kuma ba shi da niyyar shuka.

Lissafin Doug

Yanzu mu zo kan Doug Stamper, wanda shi ne ya sa ni wannan rubutu. Shi ne shugaban ma'aikatan Frank, tsohon mashayi da ya daina, ba mata, ba ɗa, ba aboki. Yana da ɗan'uwa mai iyali a wani gari, amma sai da jinya ta kwantar da shi suka san ɗumin juna. Duk ƙazantar da Frank ba ya son ta taɓa rigarsa, Doug ne mai kwashewa. Bari mu yi masa lissafi irin na kasuwa, abin da ya bayar da abin da ya karɓa.

Bayan mutuwar Russo, shi aka bar wa Rachel, domin ita ce shaidar da ta rage. Ya ɓoye ta, ya raba ta da kowa, ya hana ta sakat, kuma ya kamu da wani irin karkataccen so a kanta. A ƙarshen zango na biyu ta rotsa masa kai da dutse a daji ta gudu. Ya yi watanni yana koyon tafiya da sanda. A daidai lokacin ne ubangidan nasa ya shiga fadar White House, sai aka ajiye shi gefe, aka ba Remy Danton kujerarsa. Ya koma wa giya. Don ya dawo gindin ubangida, ya bi sawun Rachel har yammacin ƙasar, inda take zaune da sabon suna, ba ta damun kowa, ba ta da niyyar buɗe baki. Ta roƙe shi, ya sake ta, ya ja mota ya tafi. Can sai ya juyo. Abin da muka gani bayan nan shi ne yana binne ta a hamada.

A zango na huɗu aka harbi Frank, ya zama sai an yi masa dashen hanta. Doug ya tsoratar da sakatariyar lafiya ta ɗauko sunan Frank ta sa a gaban layi. Mutumin da yake kan gaba, wani magidanci mai suna Anthony Moretti, ya mutu. A zango na biyar, da bincike ya matso, Frank da Claire suka gayyaci Doug cin abinci, suka ce masa ya ɗauki laifin kisan Zoe, kisan da Frank ya yi da hannunsa. Ya amsa. Claire ta gaji kujerar, ta yi wa ƙasa jawabi, ba ta ambaci afuwar da aka yi alkawari ba. A zango na shida muka ji cewa Doug ɗin nan shi ya kashe Frank da guba, wai don ya kare sunan Frank daga Frank. Ya ƙare a kwance a ofishin shugaban ƙasa, Claire ta soke shi da wuƙar buɗe wasiƙa ta mijinta.

Ga lissafin nan. Ya ba da lafiyarsa, da hankalinsa, da sunansa, da ran yarinyar da yake so, da ran mutumin da bai taɓa gani ba. Me ya karɓa? Damar tsayawa a bayan kujera.

Wannan ne ake kira amana? Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da amana, muna da biyayya, muna da bauta, kuma ba abu ɗaya ba ne. A amana akwai na uku a tsakani, wani abu da ubangida da yaro duk suke ƙarƙashinsa, ko gaskiya, ko doka, ko haƙƙin jama'a. Shi ya sa mai amana yake iya duban ubangidansa ya ce, ranka ya daɗe, wannan ba za a yi da ni ba. Wazirin kirki a fada amfaninsa ke nan. A cikin kashi 73, Doug yakan yi wa Frank gardama a kan yadda za a yi abu, ko yaushe za a yi shi. Ku nuna mini inda ya tsaya ya ce abin kansa haramun ne. Doug mashayi ne da ya ajiye kwalba ya ɗauki Frank. Yadda mashayi yake sayar da kayan ɗakinsa don ya sha, haka yake sayar da mutane don a ce masa madalla. Wanda ya ga wannan ya yi sha'awa, ciwo ya gani ya ɗauka ado ne.

Wani zai ce ai ƙarshen labarin dole ce ta kawo shi, tun da an cire Kevin Spacey daga shirin a ƙarshen 2017 saboda zarge-zargen lalata, waɗanda daga baya wata kotu a Landan ta wanke shi daga na gabanta a 2023. Gaskiya ne wannan ya sa marubuta suka kashe Frank kafin zango na shida. To amma a koma wa na BBC, inda babu irin wannan matsala. A can ma akwai Stamper, Tim Stamper, na hannun daman Urquhart. A kashi na biyu na labarin, a 1993, bam aka dasa masa a mota da ya fara tunanin juya baya. A na ƙarshe, a 1995, matar Urquhart ce ta shirya aka harbe mijinta don a ceci sunansa. Ko ta wace ƙofa ka shiga labarin, a maƙabarta ɗaya yake fita.

Sauran waɗanda aka ci aka yar

Doug ba shi kaɗai ba ne. Akwai Freddy Hayes, baƙar fata mai gashin nama a wani lungu, wanda Frank ya yi shekara 20 yana ci a wurinsa, har da asuba yake buɗe masa shago. Da 'yan jarida suka tono cewa Freddy ya taɓa zaman gidan yari, Frank ya je har gida ya ce masa dole ya nesanta kansa da shi. Shagon ya rufe. Daga baya ya ba shi aikin lambu a White House. Ranar da Freddy ya zo sallama don ya samu aiki a shagon furanni, bikin bankwanan da ya zo wa Frank a rai shi ne Freddy ya shiga kicin ya gasa masa nama. A nan Freddy ya gane cewa shekara 20 ba aboki yake da shi ba, mai ciniki ne, ya zage shi tas ya fita. A duk shirin, wannan yana cikin wuraren da na ga mutum ya tsaya da ƙafafunsa.

Akwai Edward Meechum, dogarin da ya mutu yana kare shi. Akwai Catherine Durant, wadda Frank ya ɗauko ya ba sakatariyar harkokin waje, da ya ji za ta ba da shaida a kansa ya tunkuɗo ta daga bene. Claire ma haka take. A farkon shirin ta sa manajar ofishinta, Evelyn, ta kori kusan rabin ma'aikatan ƙungiyarsu ta samar da ruwan sha, da matar ta gama wannan aiki mai ɗaci sai ta ce mata ke ma ki tattara. Auren da ake yabo kuwa, da shugaban Rasha Viktor Petrov ya sa sharaɗin a cire Claire daga jakadanci a Majalisar Ɗinkin Duniya, Frank cire ta ya yi. Ita kuma da ta hau mulki, yana kiran wayarta tana kashewa. Kura biyu ne suka yi tarayya a kan mushe, mushen na ƙarewa suka dubi juna.

Mu 'yan jarida namu darasin yana wurin Zoe Barnes. Ƙaramar ma'aikaciya ce a jaridar Washington Herald, mai gaggawar yin suna. Ta kai kanta gidan Frank da dare ta yi masa tayi: ya riƙa ba ta labari, ita kuma ta buga ba tambaya. Nan da nan ta yi suna, ana gayyatarta talabijin. Amma duk abin da ta buga a lokacin, aikin Frank take yi da alƙalaminta, shi yake zaɓar wanda za a kayar. Ranar da ta fara aikin jarida na gaske, ta fara tambayar yadda Russo ya mutu, ranar kwananta ya fara ƙarewa. Sai da ya lallashe ta ta goge duk saƙonnin da ke tsakaninsu a waya, sannan ya tura ta gaban jirgi. Wanda ya girgiza Frank a ƙarshe shi ne Tom Hammerschmidt, tsohon editan da aka kora, ake yi masa kallon wanda zamani ya wuce. Shi ya zauna ya bi takardu, ya bi shaidu ɗaya bayan ɗaya, har Remy Danton da Jackie Sharp, waɗanda suka yi wa Frank aiki suka gaji, suka yarda a ambaci sunansu. Duk ɗan jaridar da babban mutum yake kira da dare yana ba shi labari, ya tambayi kansa wa yake yi wa aiki.

Me ya sa muke sonsa?

To in haka Frank yake, me ya sa masu hankali suke sonsa? Amsar tana cikin yadda aka gina shirin. Frank yana juyowa ya dubi kyamara ya yi maka magana kai tsaye. Ana tsakiyar taro zai waiwayo ya ɗaga maka gira, ya gaya maka wanda yake gabansa wawa ne, ya gaya maka abin da zai yi masa. Mu ma'aikatan rediyo mun san ƙarfin wannan. Tun a makaranta ake koya mana cewa kada ka yi magana kamar kana gaban taro, yi kamar mutum ɗaya ne yake saurarenka, domin wanda ya ji da shi kaɗai ake magana ya riga ya ba da rabin zuciyarsa. Frank yana sa ka ji kai ne amininsa, kai da shi ne masu wayo, sauran duniya tumaki.

Haka ya yi wa Russo. Haka ya yi wa Zoe, da Freddy, da Walker. Kowannensu ya ɗauka shi ne na musamman. A kashin da ya kashe Zoe, Frank bai dubi kyamara ba ko sau ɗaya har sai a minti na ƙarshe, sannan ya dube mu ta madubi ya yi mana maraba da dawowa. Mai kallo sai ya ji wani sanyi a ransa, ashe ba a manta da shi ba. Ka ga mutum ya kashe yarinya a gabanka, amma damuwarka ita ce ko ya daina yi maka magana. A wannan minti ka ɗanɗani abin da Doug yake ji kullum.

Shi ya sa nake cewa matashin da ya kalli shirin ya ga kansa a rigar Frank ya yi kuskuren madubi. Kujerar Frank guda ɗaya ce. Gurbin Doug kuwa dubbai ne, daga Washington har Yamai da Kano: mai riƙe waya, mai kai saƙo, sojan baka da ake saya wa fili a rediyo ya zagi wanda bai taɓa yi masa komai ba, yaron da ake ba kuɗin mai ya je ya tarwatsa taron abokan hamayya. In ka shiga harkar da karatun House of Cards a kanka, a wannan layin za ka tsaya.

Tarihin Amurkar ma ya nuna yadda ake raba ladan. An kama masu fasa ofishin jam'iyyar Democrat a ginin Watergate ranar 17 ga Yuni 1972. Richard Nixon ya yi murabus ranar 9 ga Agusta 1974, bayan wata guda magajinsa Gerald Ford ya yi masa afuwa, bai kwana a kurkuku ko sau ɗaya ba. Shugaban ma'aikatansa H. R. Haldeman ya yi wata 18 a ɗaure. John Ehrlichman wata 18. John Mitchell, tsohon ministan shari'a, wata 19. Gordon Liddy, wanda ya yi alfahari da cewa ba zai buɗe baki ba, ya haura shekara huɗu. Wanda ake tunawa da mutunci a wannan labari shi ne Elliot Richardson, ministan shari'a a Oktoba 1973, da Nixon ya umarce shi ya kori mai bincike Archibald Cox, ya ƙi, ya ajiye aiki, mataimakinsa ma ya bi bayansa. Nixon ne ya naɗa Richardson, jam'iyyarsu ɗaya. In ana neman mai amana a fadar shugaban ƙasa, ga shi nan.

Ga masu cewa

Masu cewa fim ne kawai, ina tare da ku in a fim ɗin kuka tsaya. Shiri ne mai daɗin kallo, musamman zango biyun farko, kuma ban ce kowa ya daina kallo ba. Amma wanda ya ce a cikinsa ake koyon siyasa, shi ya fitar da shi daga fim ya mai da shi makaranta, dole kuwa a duba abin da makarantar take koyarwa.

Masu cewa siyasa ba wurin waliyyai ba ce, wannan ma haka ne. Akwai ciniki a cikinta, akwai ja da baya, akwai haɗiye magana, akwai zama da wanda ba ka so. Tsakanin wannan da rufe mutum a gareji akwai tafiya mai nisa, kuma masu son a ɗauka duk ɗaya ne, galibi suna da abin da suke son a yafe musu tun kafin su aikata.

Masu cewa yaro dole ya ci abinci, wannan ce maganar da ta fi nauyi, ba na kuma raina ta. Aiki ya yi wuya, ɗan siyasa yana cikin 'yan kaɗan da suke ɗaukar matasa. Yi masa aiki ba abin kunya ba ne. Abin da nake cewa shi ne ka san iyakarka tun kafin ka shiga, domin bayan ka shiga ba kai kake sa ta ba. Dubi yadda aka kama Russo. Ba da barazana aka fara ba, da alheri aka fara, aka fitar da shi daga hannun 'yan sanda. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Irin su Frank sun fi son mai tabo a kan mai tsabta, domin mai tsabta yana iya tafiya, mai tabo kuwa ba shi da wurin zuwa. Ranar da ubangida ya rufa maka wani asiri ba tare da ya yi maka faɗa ba, ka lura da kyau, wataƙila igiya ce ake saƙawa.

Marubutanmu ma akwai aiki a gabansu. Karɓuwar da Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya samu, da jiharsa ta Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada, ta nuna jama'armu suna da ƙishirwar labarin siyasa da harshensu. Ina fatan masu rubuta irin waɗannan labarai su riƙa juya kyamara wajen na bayan kujera, su nuna mana gidansa, da uwarsa, da abin da yake gani in ya rufe ido da dare. Labarin mai gida an sha ba mu.

Hausawa suna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. An fi kawo karin maganar don a wanke sarki, ni kuwa ga yadda nake fahimtarta: mugun sarki hannu biyu gare shi kamar kowa, sauran hannuwan aro ne. Frank mutum biyu ya kashe da hannunsa. Duk sauran ɓarnar sai da aka samu mai kai yarinya otal, da mai buga labari ba tambaya, da mai sauya suna a layin asibiti, da mai yin shiru a majalisa. Da waɗannan sun ƙi, da ya ƙare a ɗan majalisa mai ƙunci da aka hana minista. In za ku sake kallon shirin, ku bar bakin Frank ya yi ta zuba, ku sa ido a kan mutumin da yake tsaye a bayansa riƙe da waya, ku bi shi har kashi na 73. Sannan mu dawo fada mu yi maganar amana.